Siket Tara da Faifai Guda

Wata Talata da la'asar, sanyi ya fara shigowa, malamar ajin su Auta ta yi sallama a ɗan shagona da ke zauren gidanmu a Mabera, nan Sakkwato. Ina kan keke ina kalmasa zanen wata amarya. Muka gaisa, ta tambayi mutan gida, sannan ta miƙo mini wayarta.

"Anti, duba wanga. Kina iya ɗunka shi?"

Hoton wata yarinya ce Baturiya tsaye a kan tsinin yatsun ƙafa, hannuwa a sama, siket ɗinta ya miƙe sambal daga ƙugu kamar an huda faifai a tsakiya an zura ta ciki. Shekarata goma sha huɗu ina ɗinki, na yi rigunan amare masu cin yadi goma, amma ban taɓa ganin tufar da ta ƙi bin umarnin ƙasa irin wannan ba. Na tambaye ta sunansa. Ta ɗan yi jim, ta dubi Inna, uwar maigidana, da ke zaune a tabarma tana ɓarar gujiya, ta rage murya ta ce, "Tutu."

Kunnen Inna ba ya jin kiran waya, amma wannan ya ji shi sarai. Ta ɗago kai. "Mi kic ce? Ɗiyan mutane za ku sa ma tutu?" Dariya ta kama ni har sai da na cire ƙafa daga kan keke. Daga baya na karanta cewa su ma masu binciken kalmomin Faransanci da yawa suna ganin sunan ya fito ne daga yadda jarirai ke kiran mazaunai, ashe mu da su ba mu yi nisa ba. A gidanmu dai tun daga ranar aka yanke hukunci: sunansa siket ɗin net, kuma da shi aka kira shi har aka gama.

Makarantar su Auta ƙarama ce, ɗakuna huɗu da tsakar gida, yaran unguwa ne kawai. Malama na son 'yan mata tara, daga masu shekara huɗu zuwa bakwai, su yi rawar bale, wato rawar Turawan da ake sa wannan siket dominta, ta minti uku a bikin rufe zango, gaban iyaye mata. Abin ya shiga ranta ne tun 2020, lokacin da bidiyon Anthony Madu ya zagaya duniya, yaro ɗan shekara 11 yana juyi ba takalmi a kan siminti, ruwan sama na dukansa, a wata unguwar talakawa a Legas. Malaminsa Daniel Ajala a intanet ya koyi rawar, kuma kyauta yake koyar da yaran unguwar. Malama ta ce in har an yi a can, a kan simintin da ya fashe, me zai hana a gwada a nan? Na ce ni dai nawa ɗinki ne. Sati uku da kwana biyu suka rage.

Dare uku na yi ina ƙona data. Da farko na ɗauka abu guda ne, sai na tarar gida ne mai 'ya'ya. Rawar kanta a fadojin Italiya ta faro, ta ƙaura Faransa, har Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, kuma a can farko cikin manyan riguna masu nauyi ake yin ta. Siket ɗin da ake ɗauka a matsayin na fari shi ne wanda Marie Taglioni ta fito da shi a Faris a 1832, cikin wasan La Sylphide. Na lissafa, na ga lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ke kan gado a nan. Nata fari ne, shara-shara, dogo har tsakiyar ƙwauri, an yi shi ne don ta yi kama da aljanar iska, a ga idon sawunta kawai yana taɓa ƙasa yana tashi. Wannan shi ake kira romantik. Daga nan aka riƙa rage masa tsawo. Akwai mai siffar ƙararrawa da ke tsayawa wajen gwiwa. Akwai wanda Malama ta nuna mini, shimfiɗaɗɗe mai tauri, wanda Turawa ke kira da sunan wainarsu mai faɗi, wadda mu muka ari sunanta muka ce fanke, ko da yake fankenmu dunƙulalle ne. Ni faifai na sa masa. Sai kuma wani gajere mai laushi kamar soson hoda, wanda wata tela mai suna Barbara Karinska ta ƙirƙiro a Niyok a 1950.

Labarin matar nan ya zauna mini, wataƙila don 'yar'uwar sana'a ce. Mai tsara rawar da take wa aiki, George Balanchine, yana cusa 'yan rawa da yawa kusa da juna, faifan nasu na karo, kuma ko mai rawa ta tsaya siket ɗin na ci gaba da rawarsa shi kaɗai. Sai ta cire wayar da ke cikinsa, ta rage hawa-hawan, ta sassauta ɗinkin. Matsala aka kawo mata ta warware da almakashi. Da na yi hankali da a nan na ɗauki darasi. Amma raina ya riga ya biya faifai, don shi ne mai wuya, kuma ina so a ce a Mabera aka ɗinka shi.

Ranar Asabar na shiga Babbar Kasuwa, layin masu kayan ɗinki. Kafin in fita Inna ta ce wai me ya sa zan ɓata kuɗi, ga tsohon gidan sauro a ɗaki. Gaskiya idon ragar ya yi kama, amma gidan sauron da ake rabawa a asibiti magani ne a jikinsa, ba abin da za a manna wa fatar yaro ba ne. A kasuwa net iri biyu ne. Akwai mai tauri, wanda muke cusawa a ƙarƙashin rigar amarya don ta buɗe, in ka matse shi a hannu yana ƙara kamar busasshen ganye. Akwai mai laushi, wanda ake yin mayafin amarya da shi. Wannan yadin Turawa sun ba shi sunan wani gari ne a Faransa, Tulle, amma in ka faɗi haka a kasuwarmu kallonka kawai za a yi. Mai shagon ya ce, "Hajiya, biki anka samu?" Na ce na yara ne. Na auni yadi huɗu na mai tauri, fari, faɗin inci 60, da yadi guda na satin, da irin robar nan mai ƙarfi da muke sa wa rigar amarya don ta tsaya a jiki. Gwaji zan fara yi da Auta kafin in taɓa kuɗin mutane.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne, faifan nan ba a ƙugu yake rataye ba. A jikin ɗan kamfai ake gina shi. Ana ɗinka wando ɗan ƙarami mai ƙarfi, a samansa a haɗa wani ɗamara mai faɗi da ke kwanciya daga ƙugu zuwa saman kwankwaso, sannan a bi jikin wandon ana dasa net hawa bayan hawa. Na manyan 'yan rawa yakan kai hawa goma zuwa goma sha biyu. Ni goma na yi. Na shimfiɗa yadin a tabarma na danne shi da duwatsun guga biyu da kwanon sha, don ba ya zama wuri guda. Hawan ƙasa inci 2 na yanka, na gaba 3, haka ina ƙara inci ɗai-ɗai har na sama ya kai 11. Kowane hawa faɗin yadi biyu na haɗa, wato inci 120, wanda dole a tattare shi ya dawo inci 24 na kwankwason Auta.

Tattarar nan ita ce ta kusa sa ni kuka. Kekena Butterfly ne na ƙafa, gadon uwata, miƙaƙƙen ɗinki kawai ya sani. Masu bidiyo kekunansu na da ƙafar da ke tattarawa da kanta. Ni sai in saki zare in yi layi biyu na dogon ɗinki, in kama bakin zaren in riƙa ja a hankali ina tura yadin da babban yatsa. Net mai tauri kuwa yana cin zare. Kana tsakiyar ja, saura kaɗan, sai ka ji ɗas, ya tsinke, duk abin da ka tara ya warware. Sau uku hawa na shida yana yi mini haka. A ƙarshe na ajiye keken, na ɗauko allurar hannu da zaren kitso, baƙin nan mai ƙarfi, na tattara da shi, bayan na danne da keke na zare shi. Yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina ta ce, "Anti, ai wanga ba ya cikin bidiyo." Na ce su ba su da zaren kitso ne.

Ga kuma hunturu. Iska ta bushe ƙayau, nailan ya riƙa tara lantarki yana manne wa hannu, yana manne wa mayafi, da dare in ka ɗaga shi har ɗan tartsatsi kake gani. Duk ƙurar da ta shigo zaure kansa take sauka, farin da na saya ya fara komawa ruwan ƙasa tun ban gama ba. Dole na riƙa yayyafa masa ruwa da ɗan buroshi, in na tashi in naɗe shi cikin tsohon zanen gado. Bakin yankan kuma kaifi gare shi. Bayan hannuwana, da dama sanyi ya fasa su, suka yi zane-zane kamar na yi faɗa da kyanwa.

Daga na sama na fara dasawa ina gangarowa, tsakanin hawa da hawa rabin inci. Wajen hawa na bakwai abin ya zama dodo: tulin net ya cika gaban keken, ba na ganin allura, da gwiwar hannu nake danne shi, yarinyar na riƙe da ɗaya gefen. A ɗaya daga cikin hawan tsakiya na yi ɗan kube na zura robar nan ta zagaye, ita ce ke hana shi faɗuwa. Sannan aikin ƙarshe, wanda shi ne sirrin: a kifa shi a ƙasa, a bi da allura ana kama hawa da hawa da sakakken ƙulli, ba a ja da ƙarfi, har duka goman su zama jiki guda. Na so in ƙara kwantar da shi da guga, na ɗora dutsen gawayi kai tsaye, kafin in ƙifta ido ya huda rami kamar kwabo. Sa'a a hawan ƙasa ne. Daga nan sai da jiƙaƙƙen ƙyalle a tsakani. Kwana huɗu cur, na ture ɗinkin mutane gefe, har wata ta aiko sau biyu. Da na ɗaga shi ya tsaya a iska bai lanƙwasa ba, wallahi na ji daɗin da na daɗe ban ji ba a sana'ar nan.

Daɗin bai kai magariba ba. Na sa wa Auta, a kan dogon wando da riga mai dogon hannu. Ta tsaya tsakar gida ta buɗe hannuwa kamar kazar da ruwa ya doka, don ba inda za ta sauke su. Ta nufi ɗaki ta duba madubi, ƙofa ta tare ta, sai da ta karkace. Ta zo zama, faifan ya tashi ya rufe mata fuska. Ta ce yana cizonta. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga ba tuhwa ba na, hwaihwai na. Aje muna shi mu riƙa ruhe tuwo." Ana cikin haka babansu ya dawo daga masallaci. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya duba, ya duba, ya ce, "Aikin ya yi kyau. Amma ɗiyata ba ta kai ko zaure da shi." Ya wuce ciki.

Na ji haushi a daren, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma ina kallon manyan 'yan rawa da irin wannan siket, sai na gane abin da na tsallake. An ɗage shi daga ƙafa ne da gangan, don a ƙarshen ƙarni na 19 aikin ƙafa ya yi tsanani, mai kallo na son ganin komai daga cinya zuwa yatsa. A 1895, a birnin San Fitasbag na Rasha, 'yar Italiya Pierina Legnani ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa guda. Mai irin wannan aiki tana bukatar tufar da za ta kauce mata. Su Auta fa? Ƙafafun da har yanzu ke rikita hagu da dama, me za a tona a nuna? Balle a garinmu, inda ko 'yar shekara uku ba ta fita ba hijabi. Na ɗinka amsar tambayar da ba wanda ya yi mini.

Washegari na kira Malama na ce mu koma wa na 1832. Ta ɗan yi shiru, don ita ma faifan take so, sannan ta ce dama iyaye biyu sun fara tambayar tsawonsa. Aka yi karo-karo. Uwaye biyu ba su samu kawowa ba, ni da Malama muka rufe, ba wanda ya ji. Na koma kasuwa na auno yadi 32 na mai laushi, rabi fari rabi ruwan hoda, da farin yadin auduga na shafi, da roba mai faɗin inci guda.

Wannan kam ɗinki ne irin wanda hannu ya sani. Na auna kowace yarinya daga ƙugu zuwa tsakiyar ƙwauri. Ƙananan hawa uku, manyan hawa huɗu, ina saɓa fari da ruwan hoda don launin ya fito kamar cikin fure. Net ba ya zarewa, ba ya bukatar kalmasa, yanka kawai za ka daidaita. A ciki na sa shafin auduga har gwiwa, saboda ƙaiƙayi da kuma sutura, sannan na naɗe bakin tattarar da satin don kada ya taɓa fata. Mai laushi ba ya cin zare, keke ya tattara shi lafiya lau. Siket guda a yini, wani lokaci biyu in ba baƙi. Riguna kuwa ba mu ɗinka ba, kowa ta zo da farar riga mai dogon hannu da farin wando da ɗan ƙaramin hijabi daga gida.

Akwai abin da ya tsorata ni a tsakiyar aikin. Da asuba Inna kan sa a kawo mata kaskon garwashi tana jin ɗumi. Wata safiya iska ta kwashi wani guntun net daga zaure ta jefa shi bakin kaskon. Ko ƙara bai yi ba, ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai ɗanko, yana hayaƙi. Na tsaya ina kallonsa ina tuna Emma Livry, matashiyar 'yar rawa a Faris wadda siket ɗinta ya taɓa fitilar gas wajen gwaji a 1862. Akwai maganin hana kamun wuta da ake jiƙa tufafin da shi a lokacin, ta ƙi, don yana sa yadi ya yi tauri ya dushe. Ta yi wata takwas tana jinya, ta rasu a 1863 tana da shekara 20. Nasu auduga ne mai sitati, ci yake da harshe. Namu nailan ne, narkewa yake ya manne wa fata, kuma lokacin da kowane gida ke da kasko a tsakar gida za mu raba shi. Ranar da iyaye suka zo gwaji ban yi dogon bayani ba. Na kunna ashana na kusantar da ita ga wani guntu a gabansu. Muka yi yarjejeniya siket ɗin a makaranta za su kwana har ranar biki, in an kai gida kuma ba kicin, ba kusa da kasko.

A wajen gwajin nan ne na ga abin da na ɗinka. Malama ta jera su tara a jikin benci, shi ne madafarsu maimakon sandar da 'yan bale ke riƙewa. Tana koya musu tsayuwar ƙafa, wadda guda biyar ce tun zamanin Sarki Louis, ita dai biyu ta ɗauka: a haɗa dugadugai a buɗe yatsu, sannan a raba ƙafa. Ta hana su hawa tsinin yatsu ƙememe, ta ce ko a can sai yarinya ta kai wajen shekara 11 ko 12, ƙashi ya yi ƙwari, ta kuma yi shekaru tana horo. Suna yi suna leƙen siket ɗinsu. Da ta ce a huta, wata 'yar ƙarama mai wushirya ta juya sau ɗaya, siket ya tashi ya buɗe, ya sauko a hankali bayan ita ta riga ta tsaya. Ta saki ƙara. Shi ke nan, tara suka kama juyi har biyu suka faɗi don jiri.

Ban san wadda ta fara tafi ba. Na dai ga sun yi rabin da'ira, babbar cikinsu ta fito tsakiya ta ba su baya, ta saki jiki ta faɗa hannuwansu, suka cilla ta sama. Gaɗa. Ni ban taɓa koya wa Auta ba, ban kuma san ta iya ba, don dandalin unguwarmu an daɗe da gina shaguna a kansa. Ashe a bayan aji suke yi lokacin tara. In aka cilla yarinya, net ɗin sai ya bi ta sama ya tsaya can ɗan lokaci kamar hayaƙi, ita ta dira, shi yana tafe. Abin da aka so masu kallo su gani a jikin Taglioni ke nan, na gan shi a tsakar gidan da akuya ke leƙowa ta katanga.

Tela dai tela ce, ina kallo ina jin ɓarar ɗinki. Masu cafewa a ƙugu suke kamawa, hannu na cusawa cikin tattara. Kafin a tashi siket uku sun ɓalle daga roba. Masu bidiyo ba su yi lissafin gaɗa ba. Na kwaso duka taran na dawo da su shago, na bi kowane ƙugu da layi biyu na ƙarin ɗinki, na dasa robar a wuri huɗu don kada ta murɗe, na kuma rage inci guda a tsawon na ƙananan don na ga suna takawa. Kwana biyu ya ƙara mini, na yi su ba ƙorafi.

Ranar biki aka shimfiɗa tabarmi, mata suka cika tsakar gidan, wasu da goyo, wasu a tsaye jikin katanga. An yi karatun Alƙur'ani, an yi ƙidaya da Turanci, an raba kyaututtuka. Inna ta ce ƙafarta na ciwo ba za ta je ba, amma na fito na same ta ta riga ni shiga Keke Napep. Da aka kunna kiɗan a 'yar sifika, 'yan matan suka fito a layi, wurin ya yi tsit, sai wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa. Rawar kam, in don ƙa'ida ne, ba ta yi ba. Layi ya karkace tun a minti na farko. Auta ta hango ni ta tsaya tana ɗaga mini hannu har ta bayanta ta yi karo da ita. Mai wushirya juyi kawai ta yi daga farko har ƙarshe, ba ruwanta da abin da saura ke yi. Malama na gefe tana nuna musu da hannu, gumi na keto mata cikin sanyin nan. Amma da suka haɗa dugadugai suka durƙusa tare a ƙarshe, siket tara suka zauna a ƙasa kamar furen kabewa, na ga uwar ɗaya daga cikin yaran nan biyu da muka rufe wa kuɗi tana share ido da bakin mayafi.

Aka ce a cire kaya a ci shinkafa, ba wadda ta yarda. Da kwano a hannu suka koma da'irarsu. 'Yan manyan aji suka shiga, sannan wasu matasan iyaye suka ajiye jakunkuna suka karɓi tafin. Inna na zaune tana girgiza kai, can ta ce, "Ku dakata, ba haka aka yi ba." Ta sa aka ɗaga ta, ta dafa kafaɗata, ta ba da wata waƙa da ban taɓa ji ba, ta zamanin 'yanmatancinsu a Wurno. Tsofaffi uku suka amsa mata daga wurare daban-daban, ba su ma san juna ba. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya da matar nan, ban san tana da murya ba. Sai da aka kira magariba mai gadi ya fara tattara tabarmi.

Faifan yana nan a shago. An ce a kife ake rataye shi don kada ya saki, haka na yi masa a ƙusa sama da keke, duk wadda ta shigo sai ta tambaya ko fitila ce. Siket ɗin kuwa kwana biyu bayan biki suka fara dawowa. Yaran sun bi ta fegin da ke bayan makaranta da su, ƙarangiya ta kama net ɗin ta ko'ina, kuma ƙarangiya in ta shiga raga ba ta fita da ja, sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya da tsinin allura. Uwar mai wushirya ta ce ɗiyarta da shi ta kwana dare biyu, sai da ta yi barci aka zare mata. Muka baje su a tabarma ni da yarinyar da ke koyon ɗinki da Inna, kowa da allura. Inna na cirewa tana mita, wai mun ɗinka wa yara tarkon ƙaya. Can ba ta ɗago kai ba ta ce in akwai sauran yadi, jikarta ta Wurno na zuwa da Sallah, shekararta shida, amma ta fi Auta tsawo kaɗan.